Samanja a Kafanchan: Yadda Aka Gina Wasannin Barkwanci na Da, da Tsakar Gidan da Ta Kalle Su

A bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wajen da tsofaffin gidajen reluwe suke tsaye har yau da rufin kwanonsu wanda tsatsa ta mai da shi ja, akwai wani dattijo da tun ina yaro ban taɓa jin an kira shi da ainihin sunansa ba, kowa Samanja yake ce masa. Kuma ko da yake ya yi aikin soja da gaske, har ya ga yaƙin basasa da idonsa, abokan aikinsa sun sha faɗi a gabansa, shi kuwa yana dariya, cewa igiya biyu ce iyakar abin da ya taɓa ɗaurawa a hannu, watau kofur. Akwatin talabijin ne ya ƙara masa girman da bariki ta hana shi.

Ran da labari ya iso garin, cikin watan Nuwamba na 2023, cewa Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, shi ne mutumin da ya yi shekaru yana fitowa da sunan Samanja Mazan Fama, sai mutane suka riƙa ratsowa ta ƙofar dattijon nan, masu dawowa daga majami'a da masu fitowa daga masallaci, suna rusunawa suna cewa, "Baba, ya haƙuri? Ashe takwaranka ya riga mu gidan gaskiya." Ya karɓi ta'aziyyar da natsuwa, kamar wanda ya rasa ɗan'uwa na jini. Jikarsa tana gefe da waya a hannu, ta matsa kusa da uwarta ta ce a hankali, "Mama, wa ya mutu?"

Tambayar yarinyar nan ta taɓo wani kuka da ake ji yau a bakin iyaye daga Kafanchan har Zonkwa da Kwoi da Kachia, cewa babu sauran wani shiri da kaka da jika za su zauna a tabarma guda su kalla, su yi dariya tare, kowa ya tashi bai sunkuyar da kai don kunya ba. Galibi idan an yi wannan kuka akan tsaya ga cewa mutanen da sun fi tarbiyya, a shafa fatiha a watse. Ni kuwa ina ganin mas'alar ta fi haka zurfi, gama wasannin nan gini ne mai ƙa'ida, kamar yadda soro yake da ginshiƙi da azara, kuma sai an san yadda aka ɗora su, da irin tsakar gidan da aka ɗora su dominta, sa'an nan a san abin da ya rushe.

Garin baƙi, harshen bariki

Wanda bai san Kafanchan ba zai zaci wasan Hausa baƙo ne a nan, alhali kuwa da wuya a sami garin da ya fi ta cancantar gane Samanja. Ƙasar ta Fantswam ce tun asali, ga Bajju da Kagoro da Kaninkon da Kagoma da Jaba da Atyap kewaye da ita, kowace al'umma da harshenta. Sa'an nan wajen 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratso ta nan ya haɗu da na Kaduna, wani reshe kuma ya hau dutse ya nufi Jos, sai wurin ya zama mahaɗa, ma'aikata suka kwararo daga ƙasar Ibo da ta Yarbawa da Nufe da Tibi, har Sarkin Jama'a ma ya taso da fadarsa zuwa garin a 1933.

Taro irin wannan ba makawa sai ya sami harshen da zai yi ciniki da faɗa da neman aure da shi. Harshen ya zama Hausa, amma Hausar da ta sauke kayanta masu nauyi a bakin tasha: ba ruwanta da rarrabe namiji da mace, sai ka ji yaro ya ce "Mama ya dawo daga kasuwa", ƙasa da kasa duk ɗaya ne a bakinsa, Turanci kuma yana shiga yana fita ba sallama. Da ita ake wa'azi a majami'u, musamman tun da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, da ita matan zumunta suke waƙa, da ita kuma ake taya buhun citta a kasuwa.

Ga kuma kaki. Tun zamanin Turawa samarin Kudancin Zariya, kamar yadda ake kiran yankin a lokacin, suka riƙi aikin soja da na ɗan sanda sana'a. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 kuwa, rundunar Nijeriya ta kumbura daga mutum wajen 10,000 zuwa kusan 250,000 kafin a ajiye makamai a 1970, har ya zamana da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Kagoro ko ta Bajju ba ka tarar da gidan da aka rataye hoton wani cikin kaki a bango ba. Mazan nan sun komo gida da fansho kaɗan, da tsawa mai yawa, da wata Hausa ta fareti wadda rabinta umarni ne.

Saboda haka, lokacin da Samanja ya bayyana yana zare ido, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki, mutumin Kano ya yi dariya don ya ji baƙon harshe, mutumin Kafanchan kuwa ya yi dariya don ya ji muryar ubansa. Shi kansa mai wasan Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi, wanda aka haifa a 1942, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja, bai ajiye kaki ba sai wajen 1985. Watau abin da yake kwaikwayo ya sha shi tun daga tushe.

Akwati ɗaya, unguwa guda

Talabijin ya soma a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962 a hannun kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, wanda rediyonsa ya saba wa jama'a da wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne. Jos ta sami nata gidan wajen 1974, ta kuma riga kowa watsa hoto mai launi, kafin gwamnatin soja ta tattara gidajen duka a ƙarƙashin NTA a 1977. Kaduna ta fito da Samanja da Karambana na Ƙasimu Yero, Jos ta fito da Karkuzu na Bodara, Kano kuma tana da irin su Kuliya Manta Sabo da Hankaka.

A layinmu, a farkon shekarun 1980, akwati ɗaya ne tak, na wani direban jirgi Bayarabe, mai hoto fari da baƙi, da ƙofofin katako da ake ja a rufe fuskarsa a sa makulli kamar kantin tireda. Ba a buɗe tasha sai da la'asar. Ran da za a nuna wasa, tun kafin magariba matarsa take sa mu cika mata randa, wannan shi ne kuɗin shiga, sai a fito da akwatin baranda a ɗora a kan tebur, a tura yaro guda ya riƙe doguwar gorar da aka ɗaure eriya a kanta, yana juyawa ana yi masa ihu daga ƙasa, "Koma! Koma! Ya yi, tsaya nan!" In an ɗauke wuta, akwai batirin mota a ajiye.

Yara a gaba a kan tabarma, maza a benci, mata kuwa a tsaitsaye a bakin madafa, kowace tana cewa yanzu za ta koma ta duba tukunya, har wasa ya ƙare ba wadda ta motsa. A cikin taron nan akwai mai tasbaha a hannu, akwai wanda ya biyo daga gidan burkutu, akwai ɗan limami da ɗan fasto kafaɗa da kafaɗa. Wasannin Amurka da ake nuna mana a wasu darare suna zuwa da dariyarsu a naɗe, ana sako ta bayan kowace magana don a nuna wa mai kallo inda zai dara. Namu ba su bukaci wannan ba.

Yadda ake ɗora wasa

Ƙa'ida ta farko ita ce wuri ba ya canzawa: filin fareti da ofis da ɗakin bariki, ko zaure da tsakar gida da shagon bakin hanya, ko ɗakin shari'a. Talauci ne ya haifi wannan, domin kyamara tana da nauyi, fita da ita kuma tsada ne, amma talaucin ya zama alheri, gama mai kallo yana shiga wurin kamar gidan da ya saba, ya san inda kowa yake zama, ya san ƙofar da fitina take shigowa.

Sa'an nan matsalar tilas ta zama ƙarama, kuma tilas mai kallo ya riga mutanen wasan saninta. Bari in misalta da labarin da na ƙaga, wanda yake bin wannan tsari sawu da sawu. Maigida ya karɓi albashi, ya san matarsa za ta nemi kuɗin anko, sai ya cusa kuɗin cikin wani tsohon takalminsa na soja, ya zo ya rantse mata cewa ko sisi ba a biya su ba. Da safe ƙanenta ya zo daga ƙauye da ƙafa a tsage, ita kuwa don tausayi ta ɗauko tsohon takalmin ta ba shi. Maigida ya dawo, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ga wayam.

Daga nan wasan ya gama ginuwa, saura a bar shi ya yi tafiyarsa. Ba shi da ikon ya ce akwai kuɗi a ciki, domin rantsuwarsa ta ɗaure shi. Sai ya shiga yabon takalmin, ya ce da shi ya yi yaƙi, ya ce gadon wani amininsa ne, ya bi surukin har tasha yana neman ya saye shi da ninkin kuɗin sabo, surukin kuma, ganin haka, ya tabbata akwai asiri a jikin takalmin, ya ƙi sayarwa. Kowace ƙarya tana haifar wadda ta fi ta girma, har hayaniya ta kai gaban mai unguwa ko hafsa, a zazzage takalmi a bainar jama'a, kuɗi su zubo, uwargida ta tsince su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi.

Abin lura shi ne, mako mai zuwa maigidan nan zai dawo da halinsa cif, kamar ba a taɓa tona masa asiri ba. Ba ya tuba, ba ya tsufa, ba a ƙara masa girma, matarsa ba ta yin yajin da ba ta dawowa. Waɗansu masu nazari suna ɗaukar wannan aibi, ni kuwa a wurina shi ne ginshiƙin soron, domin Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa hali zanen dutse ne, kuma tun a tatsuniya haka muka san Gizo: a daren jiya ya sha kashi saboda haɗama, a daren yau ga shi ya sake shirya wa Ƙoƙi wata dabarar. Da Gizo zai shiryu, da tatsuniya ta ƙare. Fa'idar wannan ga gari irin namu kuwa a fili take: wanda aikin jirgi ya kai shi Makurɗi ko Inugu ya yi mako uku, in ya dawo ya zauna a benci bai rasa kome ba.

Yawancin wasannin nan ba a rubuta maganganunsu kalma da kalma. Mai shiryawa yakan ba 'yan wasa ƙashin labari, wane zai shigo, me zai tarar, ina za a tsaya, su kuma su sa masa tsoka da bakinsu a gaban kyamara. Shi ya sa gaisuwa take da tsawo a cikinsu. Sallama da ina kwana da ina gajiya da yaya iyali, duk wannan ladabi ne, amma kuma a cikinsa ɗan wasa yake auna abokin wasansa yana laluben inda zai kama. Wannan fasaha ba a makarantar Turawa aka koyo ta ba. Ta 'yan kama ce masu kwaikwayon malamai suna jan baƙi a kan tuwo da miya, ta yaran tashe ce a watan azumi, ta matan fada ce masu wasan gauta, waɗanda suke kwaikwayon sarki da hakimansa su kuwa suna zaune suna kallo.

Mutanen gidan

Sunan mutum a wasannin nan shi ne tafsirin halinsa. Da ka ji Karambana ka san mai shiga sharo ba shanu ne, wanda zai karɓi aikin da bai iya ba ya kuma rantse ya gaje shi. Da ka ji Hankaka ka tuna kirarin tsuntsun da yake mai da ɗan wani nasa. Samanja ma muƙami ne ya zama suna, kuma an zaɓi muƙamin da hikima, domin samanja shi ne wanda yake tsakiya: kurata suna rawar jiki in sun hango shi, shi kuma yana ƙamewa a gaban hafsan da bai kai ɗansa shekaru ba. Mutum mai iko a ƙasa, marar iko a sama, wanda dole ya yi ruri don kada a ga inda yake tsoro, shi ne uban gidan wasan barkwanci a ko'ina cikin duniya, kuma shi ne rabin iyayen da suke zaune a bencin nan namu, ko fomanan reluwe ne ko hedimasta ko kofur mai ritaya.

Kusa da shi akwai uwargida, wadda ba ta ɗaga murya sai ta ga dama, amma ita ce take riƙe da lissafi. Akwai ɗan duniya, magajin Gizo, mai zaƙin baki da bashi a kowane shago, irin gonar da Abdullahi Shu'aibu Karkuzu ya daɗe yana nomawa a Jos. Akwai bagidaje, ko kurtu ne ko ɗan aike ko baƙo daga ƙauye, wanda yake ɗaukar magana a kan zahirinta, a ce masa ya sa ido a kan tukunya ya tsaya yana kallonta har ta ƙone. Sau da yawa kuma daga bakinsa gaskiya take kuɓucewa a lokacin da ba a so. Akwai maƙwabciya mai kai gulma, wadda aikinta a ginin wasa shi ne ta ɗauki sirri daga wannan ɗaki ta sauke a wancan.

Na ƙarshensu shi ne mai raba gardama, alƙali ko mai unguwa ko liman ko babban hafsa, kuma a kansa ne muka rabu da Amurkawa. Tun daga I Love Lucy na 1951 har zuwa The Cosby Show na 1984, gidan wasan Amurka falo ne da doguwar kujera tana fuskantar mai kallo, ƙofa a rufe, mata da miji da 'ya'yansu su ɓata su kuma shirya a tsakaninsu, a ƙare da runguma. A namu ba a runguma, ba a ma kama suna, sai Maigida ko Malam ko Baban wane. Yara kuwa, waɗanda a can su ne masu mayar wa uba magana a yi tafi, a nan aikensu ake yi su sayo goro. Rigima ba ta mutuwa a ɗaki, sai ta fito tsakar gida, maƙwabta sun sa baki, an kai ta gaban wani babba. A Kano har aka gina shiri sukutum a kan wannan gaɓa ita kaɗai, aka ba shi kirarin alƙali, Kuliya Manta Sabo.

Dalili kuwa shi ne iyalin da wasanninmu suke nunawa ba na jini kaɗai ba ne. Gidan haya ne, ko layin bariki, inda famfo ɗaya ne, igiyar shanya ɗaya ce, kuma ba ka zaɓi wanda yake ɗakin kusa da kai ba. Haka ma Inugu ta yi bayan yaƙi da wasanta na Masquerade, ta zaunar da Zebrudaya da Jegede Bayarabe da barorin gida biyu a falo guda, kowa yana karya Turanci ta hanyar garinsu.

Ko Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta soma ɗauka a wajen Jos a 1980 don kwaɗaitar da mutane noma, ko da yake da Turanci aka yi shi kuma ba barkwanci ne zalla ba, ya shiga zukatan mutanen nan ta wata ƙofa da ba a yi zato ba. Duwatsun da shingayen kerana irin na gida ne. Ƙasimu Yero, mutumin Zariya, ya fito a Gaga, baffan da ba ya son kowa ya ci gaba. Sadiq Daba kuma ya fito da sunan Bitrus. A layinmu kaɗai akwai Bitrus uku, kuma ranar da suka ji sunansu daga cikin akwati ba wanda ya isa ya yi musu magana.

Wa ake yi wa dariya?

Ba kowa ne yake tuna zamanin nan da daɗi zalla ba, kuma adalci ne a saurari masu ƙorafi. Akwai 'yan boko daga cikin Atyap da Bajju da Jaba waɗanda suke cewa, a yawancin wasannin Hausa, wanda Hausarsa ta karye shi ne wawa, mai daidaitacciyar Hausa kuma shi ne mai yanke hukunci, yaro kuwa yana ganin wannan yana haddacewa. Suna ƙarawa da cewa akwatin da ya shigar da Hausa kowane ɗaki ya taimaka wajen korar Tyap da Jju da Hyam daga bakin jikokinsu. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuwa ga yadda za a ture ta ba. Iyakar abin da zan ce shi ne, Samanja ya juya lissafin, domin a wasansa mai karyayyen harshen shi ne mai gida, shi ne mai sanda, shi ake so.

Mata masu ilmi suna da nasu ƙorafin: cewa an taƙaita mace a kan kishi da gulma da kuɗin cefane, ba a taɓa nuna ta tana tunanin wani abu da ya wuce bangon gida ba, alhali a Kafanchan ɗin nan mata ne suke noma, su ne malaman asibiti, su ne suke biyan kuɗin makaranta da cinikin kasuwa. Malaman addini na ɓangarorin biyu kuma tun a wancan lokaci akwai masu ganin abin shagala ne mai cin lokacin ibada, ko da yake na sha ganin mai faɗin haka ya tsaya a bayan benci, wai yana jiran ɗansa ne.

Matasa masu shirya fim na yau suna cewa wasannin suna da jan jiki, hotonsu dishi-dishi, kuma da yake gwamnati ce take ciyar da su, ba su taɓa cizon hannunta ba. Gaskiya ne ba su ciji gwamna ba. Amma a zamanin da soja yake mulki, kuma ganin kaki a hanya yake sa direba ya rasa inda zai sa ƙafa, a ce ga wani cikin kaki ana yi masa dariya kowane mako a gidan talabijin na gwamnati, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Irin wasan taubasai ne, ko na Fulani da Barebari, wanda ake faɗa wa mutum aibinsa a fuska a kuma ci abinci tare.

Yadda taron ya watse

Dalilan mutuwar wasannin sanannu ne. Tsuke bakin aljihu da aka shiga tun 1986 ya busar da kuɗin shirye-shirye, aka ce gidajen talabijin su nemi na kansu. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, kasuwar fim ɗin kaset ta buɗe, ta tafi da 'yan kallo zuwa soyayya da rawa da waƙa. A 1992 aka ba 'yan kasuwa izinin kafa tashoshi. Sa'an nan tauraron ɗan'adam, sa'an nan wayar hannu daga 2001. Da yawa daga cikin tsofaffin kaset ɗin ma an shafe su an ɗauki waɗansu shirye-shirye a kai, abin da ya tsira sai gutsattsari.

Amma a Kafanchan akwai dalilin da ya fi waɗannan ciwo. Jirgin ƙasa ya yi ta raguwa har ya kusa ɗaukewa, ma'aikatan da suka cika kwatas suka watse. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilmi ta garin cikin watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. Na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992. Na bayan zaɓen 2011 ya ci babbar kasuwar garin. Bayan kowane ɗaya sai waɗansu su kwashe kaya su koma inda nasu suka fi yawa, har unguwanni suka rabu, kowa ya san layin da ba ya kwana. Wasan da aka gina a kan maƙwabcin da ba ka zaɓa ba, yaya zai yi a garin da kowa ya koma zaɓen maƙwabci?

Irin bai ƙare ba dai. Tashar Arewa24, wadda ta soma aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, gari na ƙage wanda aka zaunar da Musulmi da Kirista a cikinsa, ana kuwa kallonsa a nan ƙwarai. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, tun 2019, ya dawo da tsohon uba mai maƙo da tarin 'ya'ya masu jiran gado, kowane da halinsa da ba ya sakewa. Sai dai yawancin na yanzu masu dogon zango ne, labari yana tafiya gaba, in ka rasa mako biyu ka ɓata, kuma kowa yana bin nasa a tafin hannunsa, da abin ji a toshe a kunne. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Karkuzu a 2025 bayan ya daɗe ba ya gani.

Kwana biyu bayan ta'aziyyar rasuwar Pategi na sake bi ta ƙofar dattijon nan na bayan tasha, na tarar jikar ta tono wani guntun Samanja a YouTube, minti kaɗan ne, hoton yana rawa kamar an ɗauko shi daga ƙarƙashin ruwa. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Yarinyar ta saurara, ta dube shi, ta sake duban wayar, ta ce, "Kaka, ai kamar kai yake magana." Bai amsa mata ba. Ya daka mata tsawa irin ta fareti, ya ce ta ƙara murya, ta kuma je ta kirawo uwarta daga madafa.